Basillar da Kika Bari a Jikin Jaka

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Mariyama,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawar da ta kamaci ɗiya ga uwarta, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Ni ce Rakiya, autarki. Mutanen gida duk suna lafiya. Goggo Hajjo tana nan tare da ni kamar yadda kika bar mu, ƙafar ce dai ke damunta in sanyi ya shigo, bakin kuwa lafiyarsa ƙalau.

Na san ba ki yi boko ba, na kuma san inda kike babu mai kai takarda. A shafina na intanet zan sa wannan, inda abokan karatuna za su gani, domin akwai waɗanda nake so su san ki. Ki yi mini haƙuri, za su ji sirrinmu kaɗan.

Kin tafi kin bar ni a shekarar ƙarshe ta jami'a, saura memwar kawai, wato littafin binciken da ɗalibi ke rubutawa kafin a ba shi diplom. Saura ƙiris in ajiye shi, in ajiye karatun gaba ɗaya. Wannan ne nake son in ba ki labari, da yadda aka ƙare. Amma sai na faro daga rumfarki.

Duk tsohon gari an san ki da aikin fata. Jaka, alabe, matashi, kuben wuƙa, babu wanda bai bi ta hannunki ba. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne yadda kike tashi daga aiki. In la'asar ta yi sanyi, ba ki taɓa ƙarasa ɗinkin da ke hannunki. Ko da saura faɗin yatsa uku ki kai kusurwa, sai ki tsaya. Ki huda rami na gaba, ki bar basilla a soke a ciki, zaren fata yana reto, ki lulluɓe da tsumma, ki tashi alwala. Matan da ke zuwa hira suna yi miki tsiya, wai aikin Mariyama da ido buɗe yake kwana. Ke dai sai ki yi murmushi ki ce: “A bar ma sahiya bakin zare.”

Ni kuwa kin san halina tun ina ƙarama. Ina son a ce Rakiya ta gama. In an ba ni wanke-wanke sai na kife tukunya ta ƙarshe, in tsaya kusa da ita har wani ya wuce ya gani.

Kina tuna alaben wani direban hanyar Bilma? Ina da shekara tara ko goma. Kin tafi gaisuwar haihuwa da yamma, kin bar shi a ƙarƙashin tsumma da basilla a jiki. Na ɗaga, na ga abin da ya rage bai taka kara ya karya ba, na ce yau zan hutar da Inna. Na zauna a mazauninki na ɗinke shi tsaf, na ƙulle, na yanke zare, na goge basilla na sa ta cikin gwangwani. Na kwana ina jiran yabo.

Da safe kika ɗaga tsumma, kika juya alaben gaba da baya, kika ce ɗinki ya yi kyau. Daga nan sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Kika sha shayi, kika sake dafa wani. Kika share rumfar da aka riga aka share. Kika ɗauki wata fata kika auna, kika ajiye, kika ɗauki wata. Har hantsi ya dubi ludayi ba ki huda ko rami ɗaya ba. Can sai kika jawo alaben nan, kika warware ɗinkin da na yi ɗaya bayan ɗaya, kika sake yin sa da hannunki. Kafin ki ƙulle zaren, ɗaya hannun ya riga ya kai ga sabuwar fata, aiki ya kankama kamar kullum.

Na ɓuya bayan randa ina kuka, don na zaci kin raina aikina. Kika same ni can kika ce: “Ɗunkinki ba shi da laihi, ɗiyata. Ƙofa ce kinka ruhe mini, ni ko hannuna ba shi iya fara aiki da sanyi.” Ban gane ba. Na dai riƙe a raina cewa manya ba su san godiya ba.

Akwai shekarun da Turawa masu yawon buɗe ido suka daina zuwa Agadas. Su ne masu sayen manyan matasai da jakunkuna masu geza. Mata da yawa sun naɗe fatunsu sun koma sayar da abinci, wasu sun zauna kawai. Ke kuwa sai kika yafa gyale wata safiya kika tafi tasha, kika zauna wajen mai sayar da dabino har azahar, ba ki sayi komai ba. Da kika dawo kika ce kin je ne ki ga abin da maza ke riƙewa a hannu yanzu, kuma kin ga kowa da salularsa tsirara, rairayi na shiga mata. Cikin mako guda kin fara ɗinka wa salula riga. Direbobi da ƴan kabu-kabu suka riƙa sallama a ƙofar gidanmu. Da wannan rigar salula aka saya mini kaye, wato littafin rubutu, da alƙalamin bik har na ci bak, jarrabawar shiga jami'a.

Ban taɓa jin kin ce ba za ki iya abu ba. Iyakarki ki ce ba ki gan shi a warware ba tukuna. Wata ta kawo miki tsohuwar jaka daga Libiya mai aljihu a cikin aljihu, ta ce a yi mata irinta. Kika farke ta gaba ɗaya a gaban matar, ita tana salati, ke kina jera guntayen a tabarma kina kallonsu. Bayan kwana biyar ta karɓi biyu, tata da sabuwa.

Haka ranar da rini ya ɓata miki babbar jar fata, ya yi dabbare-dabbare a tsakiya. Na ga ranki ya ɓaci, kin ma ƙi cin abincin rana. Da la'asar kika ɗauko wuƙa kika zagaye wurin da ya ɓaci, kika fitar da ƙananan alabe huɗu daga gefe.

Da na shiga jami'a ba ki san me ake yi a can ba, ba ki kuma yi kamar kin sani ba. Ordinatar ɗina, wato kwamfuta, ita kike kira allon Nasara, memwar kuma babban kaye. Da na ce miki bincikena a kan rijiyoyin lambunan bakin ƙoramar Telwa ne, yadda ruwansu ke sauka da hawa, kika ce ashe duk wannan karatu guga za a koya mini. Amma ke ce kika karɓi igiyar awona, kika ɗaura mata guntuwar fata a kan kowane metir, ja ɗaya, tsanwa ɗaya, don kada in ɓata lissafi a bakin rijiya. Har yau da ita nake aiki, babu wadda ta kwance.

Ranar wata Litinin da la'asar na gama babi na farko. Na rufe shi da jimla mai kyau wadda na yi kwana biyu ina gyarawa, na ɗiga aya, na rufe allon Nasara. Na fito da gudu in gaya miki Rakiya ta gama. Sai na iske Goggo Hajjo tana tallabe da ke a bakin rumfa, ana neman mota. Aka kai ki gidan likita. Kwana tara kika yi a can, ba ki dawo rumfar ba.

Bayan sadakar arba'in na koma karatu, amma jikina kaɗai ke zuwa. Na koma zaman can baya a anfi, babban ɗakin da ake ba mu darasi, ina kallon bakin mushe, wato malaminmu, yana motsi. Kowace safiya in buɗe ordinatar, in ga farin shafi da “Babi na biyu” a samansa, in zauna ina kallonsa yana kallona. Sai in tashi in wanke kwanukan da aka riga aka wanke. Wata bakwai na yi a haka, Inna. Ba ko harafi ɗaya.

Na yi ƙarya a wannan lokaci, gara in faɗa miki da bakina. Duk sanda mushen da ke duba aikina ya tambaya, sai in ce ina kai. Goggo kuma in ce mata aikin a kai yake, ba a ganinsa. Har na nemi aikin yankan tikiti a wata tashar mota, suka ce in zo farkon wata. Na ce wa kaina karatu na masu uwa ne.

Mushe ya kira ni birosa, wato ofishinsa. Na shiga na shirya wa faɗa, sai bai yi ba. Ya ce nan da wata biyu za a rufe sunayen waɗanda za su kare memwar ɗinsu a gaban malamai bana, wanda bai kawo ba sai baɗi. Ya ce kuma ya duba fuskata ya ga in na kai baɗi ba zan dawo ba. Bai nemi babi ba, shafi biyu kawai ya ce in kawo. Na ce to, na fito, na san shafi biyun ma ba ni da su.

A zaman bayan nan da na yi na ga abubuwa da yawa da ban gani ba lokacin da nake gaba. Akwai wani ɗan ajinmu, kaf cikinmu babu mai kansa. Shi ke gyara wa mushe lissafi a kan tablo, allon aji. Sau ɗaya tak ya faɗi egzame, wato jarrabawa, ya ce an ci mutuncinsa, ya haɗa kayansa ya bi masu neman zinariya. Akwai kuma Aisa, ƙawata ƴar Bilma, wadda kika taɓa ce wa ta cika tsawo kamar dabinon garinsu. Faransancinta da nauyi, in ta yi tambaya ƴan aji har tsaki suke. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar shimi, kimiyyar sinadarai. Amma ita ke riga kowa zuwa, ita ke kujerar gaba, in ta duƙufa a kan zanen taswira shayinta ya huce ba ta sani ba. Na tambaye ta ko ba ta gajiya. Ta ce bara tun daga tambaya ta farko ta faɗi, bana sai a ta huɗu, to ai tafiya ake.

Ita ce ta ja ni dole zuwa wani jawabi da wata madam mai koyar da ilimin halayyar ɗan Adam ta yi mana. Madam ta ce kaifin ƙwaƙwalwa kaɗai ba ya riƙe ɗalibi a kan karatunsa. Ta ce akwai wani jari da ke cikin zuciya, shi ke sa mutum ya tashi da kuzari ya nufi aji, ya ɗauki abin da yake koyo da daraja, ya nutse a ciki har ya manta da lokaci. Ta ambaci sa rai wanda ke tafe da neman hanya, da mutum ya yarda zai iya, da miƙewa bayan an faɗi, da kyautata wa gobe zato. Ta ce kuma ba gado ba ne kaɗai, ana koyonsa kamar sana'a. Kowanne ta ba shi dogon suna da Faransanci.

Da farko haushi na ji. Na ce a raina da sauƙin faɗa ga wadda ba ta binne kowa ba. Amma tana magana ina ganinki zaune a tasha wajen mai dabino, ina ganin jakar Libiya a warware a kan tabarma, ina ganin wuƙarki tana zagaye rinin da ya ɓaci. Duk abin da ta jera a tablo kina da shi, ke da ba ki taɓa zama a benci ba. Na yi alfahari da ke a wurin har idona ya cika. Amma gaskiya, na koma gida ranar ban rubuta komai ba. Jin sunan abu daban, samunsa daban.

Rumfarki kuwa tun ranar Litinin ɗin nan ban bari kowa ya taɓa ta ba, ni ma ban shiga ba. Wata Juma'a Goggo ta ce ita ta gaji, gara za ta cinye fatun, ko in shiga ko ta shiga. Muka shiga tare. Na ɗaga tsumman da ke gefen mazauninki, sai ga jaka, babba, ja da tsanwa, mai dogon maratayi. An gama komai, saura faɗin yatsa uku a kusurwar ƙasa. Basillarki tana soke a rami na gaba, zare yana reto.

Goggo ta zauna ta ba ni labarin da kika hana ta faɗa. Ta ce kin aike ta wajen maƙwabciyarmu malamar lakwal, makarantar boko, ta aro miki nata tsohon memwar, kika auna shi da taƙi, tsawo da faɗi da kauri, don ki san girman jakar da babban kayen Rakiya zai shiga. Ta ce tun kafin azumi likita ya gaya miki abin da ke jikinki, bai ɓoye miki komai ba, kika ce kada in ji sai na gama. Ta ce ranar Litinin ɗin tun azahar ciwon ya riƙe ki, ta ce miki ko ki ƙarasa ɗan abin da ya rage ko ki ajiye ki kwanta. Kika ƙi duka biyun. Kika ci gaba har la'asar, kika huda rami na gaba, kika soke basilla, kika lulluɓe, sannan kika ce a kama ki.

Inna, na daɗe ina kuka a kan jakar nan. Kin san abin da kika sani, kin ji abin da kike ji a jikinki, duk da haka kika yi wa safiya alkawari. Ba ki ce za ki warke ba, ba ki kuma sallama ba. Kin dai bar wa hannunki inda zai kama in Allah ya kai ki. Ban san wani ƙarfin zuciya da ya wuce wannan ba, kuma ban taɓa ƙaunarki kamar a wannan rana ba.

A nan ne alaben direba ya faɗo mini. Na gane abin da na yi wa kaina. Na ɗinke babi na farko tsaf, na ƙulle, na yanke zare, na ajiye basilla a gwangwani, sannan na yi wata bakwai ina neman fara aiki da hannu mai sanyi.

Washegari da safe na buɗe allon Nasara. Ban kalli farin shafin ba. Na haura sama zuwa sakin layi na ƙarshe na babi na farko, wanda na fi so a duk abin da na rubuta, wanda nake shirin karanta miki ranar. Na goge shi gaba ɗaya. Ji nake kamar ranar ce nake gogewa. Sai na sake rubuta shi daga kai. Bai kai na farkon kyau ba. Amma ina kaiwa ƙarshensa na iske jimla ta gaba tana jirana, bayanta kuma wata. Kafin azahar ina da shafi ɗaya da rabi a ƙarƙashin “Babi na biyu”.

Da la'asar ta yi sai da na yi kokawa da halina. Na san ƙarshen jimlar da nake kai, yana bakin yatsuna. Na rubuta “Rijiya ta uku kuwa, ruwanta”, na tsaya nan, na rufe, na tashi alwala. Da safe kafin in gama shayi ina marmarin in je in ƙarasa ta. Rabon da in yi marmarin wani abu tun kina gida.

Kada ki zaci daga nan komai ya miƙe. Mushe ya dawo mini da babi na uku ya yi ja kamar an yanka kaza a kansa. Na ƙi cin abincin rana, irin naki. Da la'asar na zagaye wuraren da suka ɓaci na ɗauki abin da ke da amfani. Akwai ranakun da layi huɗu kawai na samu. Amma ban sake tashi ba tare da na bar bakin zare ba, kuma na koma kujerar gaba kusa da Aisa, yanzu mu biyu ake yi wa tsaki. Mutanen tasha na aika musu su ba wani aikin tikitin.

Yau da safe na kai memwar biro, saura kwana uku a rufe. A ƙirji na rungume shi, don jakarsa ba ta kammalu ba. An karɓa, an sa sunana cikin masu karewa bana.

Da na dawo na zauna a mazauninki bayan azahar, na zare basillar daga ramin da kika huda. Ɗinki goma sha ɗaya ya rage. Nawa sun karkace, duk wanda ya duba zai ga inda kika tsaya da inda na kama, kuma ba zan gyara ba. Na sa kwafin da ya rage mini a ciki, ya shiga daidai, har da ɗan sarari na yatsa ɗaya. Da ita zan je ranar karewa.

Zan fito daga biro ɗazu mushe ya miƙo mini wata takarda, ta neman ci gaba da karatu a mataki na gaba. Ya ce ba dole, in duba dai. Tana nan gabana a kan tabarma. Na rubuta sunana, na rubuta sunan Baba, na zo layin da aka ce sunan uwa na rubuta Mariyama. Na san abin da zan sa a sauran layukan, amma la'asar ta yi. Na ɗora basillarki a kai don kada iska ta ɗauke.

Allah ya jiƙanki, Inna, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sanyaya makwancinki. Allah ya karɓi duk ramin da kika huda don ki ciyar da mu a matsayin ibada. Ɗaliban da ke zaune gaban farin shafi yau, Allah ya nuna musu inda za su kama. Allah ya tashe ki a safiyar da ta fi wadda kika yi wa tanadi, ya haɗa fuskokinmu a Aljanna. Amin.

Ɗiyarki da ke zaune a rumfarki,
Rakiya
Agadas